Mota Ta Ƙi Jan Mai Bayan An Wanke Gidan Totur: Kafin A Sayi Famfo

 

Zancen yau na mota ne, kuma wani mai sauraronmu ne ya jawo shi. Fataucin raguna yake yi, yana zaune ta wajen Dungas, kasuwarsa kuwa Maigatari ranar Alhamis. Ya bugo mana waya ransa a ɓace, ya ce a faɗa wa 'yan'uwa abin da ya same shi, don kada wani ya faɗa ramin da ya faɗa.

Ga yadda aka yi. Golf ɗinsa ta daɗe silonta ba daidai ba, in ya tsaya sai ta riƙa kakkarwa kamar za ta mutu. Ran Laraba ya kai ta gareji, aka ce gidan totur ne ya yi dauɗa, aka kwance shi, aka wanke, aka mayar. Mota ta tashi, ya biya ya tafi gida. Da asubar Alhamis ya loda raguna ya kama hanya. Bai yi nisa ba ta fara fizga, da zarar ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Ya tayar, ta tashi, ya sake ɗaga ƙafa, ta sake mutuwa. Da ƙyar ya lallaɓa ta zuwa wani ƙauye. Yaron bakanike da ya samu a can ya saurara ya ce, "Alhaji, ai mai ne ba ya zuwa, famfo ya gaji." Aka hau babur aka sayo famfo aka sa, ba ta sauya zani ba. Aka canja filta, duk ɗaya. Kafin a ankara kasuwa ta watse, raguna na ta haki cikin mota, ɗaya ya galabaita har sai da aka yanka shi a bakin hanya aka sayar da naman a wulaƙance.

Washegari wani dattijon bakanike ya zo, ya ce a tayar. Ya ɗora hannu a kan gidan totur ɗin ya ɗan girgiza shi, sai kukan injin ya sauya. Ya ce, "Robar da yake zaune a kai ce ta tsage, iska take sha." Roba ce wadda kuɗinta bai kama ƙafar na famfon ba.

Ni dai ba bakanike ba ne, aikina magana a rediyo. Amma saboda wannan waya na je gareji na zauna da masu sana'ar, na yi ta tambaya. Abin da na samo shi ne: idan mota ta fara halin rashin mai jim kaɗan bayan an taɓa gidan totur, a fara komawa inda hannu ya taɓa. Ku makiyaya kun fi kowa sanin wannan. In saniya ta ɓata, ba a fara nema daga bakin gulbin da ba ta taɓa zuwa ba, ana komawa inda aka ga sawunta na ƙarshe.

To, mene ne gidan totur ɗin? Injin fetur abu uku yake buƙata: iska, mai, da wuta. Kuma iskar ta fi man yawa nesa ba kusa ba, don kowane kilo ɗaya na fetur yana son kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone daidai. Gidan totur shi ne maƙogwaron da wannan iska ke bi. A cikinsa akwai wani ɗan faifan ƙarfe, in ka taka totur ya buɗe, in ka saki ya rufe. A zamanin 504 da sauran motoci masu kabureta, iskar da kanta take jan man da take so. A motocin yanzu masu injekta kuwa, akwai kwamfuta, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Ita take auna iskar da ta shiga ta hanyar wasu sensoshi, sannan ta umarci injekta ya fesa man da ya dace. Ka ga ke nan in iska ta shigo ta ɓarauniyar hanya ba a auna ta ba, ko wayar sensa ta cire, sai ƙwaƙwalwa ta yi lissafi bisa kuskure. Man da za ta bayar ya gaza ko ya yi yawa. Direba a kan sitiyari abin da zai ji shi ne fizga da mutuwa, sai ya rantse mai ne ba ya zuwa, alhali famfo lafiyarsa ƙalau.

Yanzu ga alama guda da ya kamata kowane direba ya riƙe. Ka lura da lokacin da motar take cutar. Idan a silo take kakkarwa ko mutuwa, amma in ka taka ta ta buɗe tana gudu, to ka fi zargin iska. Dalili kuwa, a silo faifan nan a rufe yake, iskar da ke shiga kaɗan ce, ƙaramar ɓula ma ta isa ta ɓata lissafi. Idan kuwa a silo lafiya lau take, sai ka ɗauki kaya, ko ka hau tudu, ko ka shiga yashi sannan ta fara shaƙewa, to wannan ya fi kama da famfo mai rauni ko filtar da ta toshe, domin a lokacin ne injin yake neman mai da yawa. Motar abokinmu na Dungas da ɗaga ƙafa take mutuwa. Da an tsaya an yi wannan tunanin, da ba a sayi famfo ba.

Bari mu bi abin daki-daki, daga wanda ba ya cin ko sisi.

Na farko, buɗe bonet ka duba da ido, injin a kashe. Gidan totur yana da soket na waya, a wata motar ɗaya, a wata biyu ko uku. Akwai na sensar da ke faɗa wa ƙwaƙwalwa yadda ka taka totur, akwai na abin da ke daidaita silo. Kama kowanne ka ɗan ja shi. Wanda bai zauna daidai ba zai fito a hannunka. Da yawa ana turawa ne kawai ba a ji ya yi ƙas ba, mota ta tashi a gareji, sai an shiga gargada ya zame. Ka leƙa cikin soket ɗin ma, ko wani ɗan ƙarfe ya lanƙwashe.

Na biyu, tiyo. Akwai babban tiyon da ya taso daga filtar iska ya shiga gidan totur. Duba kilif ɗinsa ko an ɗaure, sannan ka lanƙwasa shi ka duba ƙasansa da cikin ninkinsa, don a nan yake tsagewa inda ido ba ya gani. Zafin ƙasarmu yana busar da roba, wadda ta shekara da shekaru ba a taɓa ta ba, ranar da aka murɗa ta ranar take fashewa. Sai ƙananan tiyo masu kaurin ɗan yatsa ko ƙasa da haka. Kowanne yana da bakin da yake shiga. In ka ga bakin ƙarfe tsirara babu tiyo a kai, ka samo ɓarawon. Akwai kuma mai ɗan kauri da ke zuwa bayan birki. Idan shi ne ya cire, za ka ji birki ya yi tauri kamar dutse, wannan kuwa maganar rai ce, ba a tafiya da shi haka.

Na uku, gasket ɗin da ke tsakanin gidan totur da injin. Tsohon gasket in an ɓamɓare shi ba kasafai yake komawa daidai ba. Wasu su mayar da shi haka nan, wasu su yanko kwali, wasu su lafta gam. Tayar da motar ka kasa kunne, in akwai ɓula za ka ji wani siririn sauti kamar na maciji. In ƙarar injin ta hana ka ji, samo guntun tiyo, ɗaya bakin a kunnenka, ɗaya kana zagayawa da shi gefen gidan totur. Inda iskar take shiga sautin zai ƙaru. Sai dai ka tattare babbar riga da rawani, ka nisanci fanka da bel.

Kada ku yi dariya, akwai na huɗu: tsumma. Bakanike mai kula yakan toshe bakin injin da tsumma don kada ƙura ta shiga yayin da yake wanki. Wani lokaci sai a manta da shi a ciki. Mota ta tashi amma ta kasa numfashi.

Masu Golf, ku matso kusa, don ku ne kuka fi yawa a hanyoyin nan namu. Yawancin Golf 3 masu injin 1.8, da Passat na zamaninsu, injekta ɗaya tal gare su, kuma a saman gidan totur ɗin yake zaune, shi ya sa wasu ke ɗaukarsa kabureta ne. A irin wannan mota, wanda ya kwance gidan totur ya kwance hanyar mai ke nan. Tiyon mai biyu ne suke zuwa wurin, ɗaya mai kawowa, ɗaya mai mayar da ragowa tanki. In aka juya su, mota ba za ta tashi yadda ya kamata ba, ko ma ta ƙi tashi sam. Sannan dukan abin yana zaune ne bisa wata roba mai kauri, wadda in ta tsufa take tsagewa. Ita ce ta ci ragon abokinmu. Gwajinta shi ne wanda dattijon nan ya yi: injin na silo, ka ɗan girgiza gidan totur da hannu, in kukan ya sauya, robar ce. Wani abu kuma, famfon irin wannan Golf ɗin ƙarfinsa kusan bar 1 ne, alhali motoci masu injekta huɗu suna aiki da wajen bar 3. Don haka ba kowane famfon da ya shiga tankin ne nata ba. In an sa wanda bai dace ba, an ƙara wata cutar a kan ta farko.

Sai motocin da ba su da wayar totur ta ƙarfe, waɗanda lantarki ke buɗe faifan, kamar Corolla da Camry na baya-bayan nan. Su kuma nasu halin daban. Shekara da shekaru dauɗa tana taruwa a bakin faifan, ƙwaƙwalwa tana ƙara buɗe shi kaɗan-kaɗan don iska ta samu hanya. Ranar da aka wanke, dauɗa ta tafi amma ƙwaƙwalwa ba ta sani ba, sai ka ga silo ya hau sama, ko yana hawa yana sauka. Silon mota mai lafiya in ta yi zafi yakan zauna tsakanin 700 da 900 a agogon. Wannan ba lalacewa ba ce, sake koyo take buƙata. A wasu motocin ya isa a bar ta ta yi zafi, a kashe na'urar sanyi da fitilu da rediyo, a bar ta a silo kamar minti goma, sannan a ɗan zagaya da ita. Wasu kuwa sai an sa musu kwamfutar duba mota. Abin da ba a so shi ne a kama sukurun da kamfani ya ɗaure a jikin gidan totur ana murɗawa don a saukar da silo, ko a riƙa danna faifan da ƙarfin tsiya. A nan ake mayar da ƙaramin aiki babba. Idan fitilar injin ta kama a gaban direba, a sa kwamfuta a karanta kafin a sayi komai. Lamba P0171, alal misali, tana nufin iska ta rinjayi mai, P0507 kuma silo ya wuce ƙima.

To, in an duba duk waɗannan ba a ga komai ba, yanzu ne za a juya ga hanyar mai, ita ma daga mai araha.

Fara da fis da rile na famfo. Mai aiki kusa da waya batir na haɗe yana iya ƙona fis bai sani ba. Murɗa makulli fitilun gaba su kama amma kada ka tayar, wani ya sa kunne kusa da tanki. A motoci da yawa za a ji famfo ya yi ƙugi na kamar daƙiƙa biyu ya tsaya. Amma a kula, tsofaffin Toyota da dama famfonsu ba ya motsi sai ana kan tayarwa, don haka shirunsa a nan ba hujja ba ce cewa ya mutu.

Sai fulogi. Kwance ɗaya ka duba bakinsa, shi ne mai ba da shaida. In ya jiƙe yana warin fetur, mai yana zuwa, ko dai ya yi yawa ko wuta ce babu. In ya yi baƙi da toka kamar gindin tukunya, mai ya rinjayi iska. In ya bushe fari fat, mai ne ya gaza ko iska ta yi yawa. Motar da ta sha mai ta ƙoshi saboda yawan tayarwa, a yawancin masu injekta in ka take totur har ƙasa ka riƙe kana tayarwa, ƙwaƙwalwa takan yanke man har injin ya share. Kada dai ka wuce daƙiƙa goma kana murɗawa, ka huta, in ba haka ba batir ya bi sahu.

A motoci masu injekta huɗu na da, akwai wani ɗan gwangwani a ƙarshen bututun da injektocin ke jere, shi ke daidaita ƙarfin mai, da ɗan siririn tiyo a kansa. Zare tiyon ka duba. In ka ga fetur a ciki, robar cikin gwangwanin ta fashe, mai yana zuba cikin injin ba da lissafi ba, shi ne baƙin hayaƙi a salansa da shan mai kamar rijiya.

Filta kuma tana da kibiya a jikinta mai nuna inda mai ya nufa. In an canja ta, a tabbata kibiyar tana kallon injin.

Kada mu manta da man kansa. Mu nan kan iyaka mun san yadda ake, ba kullum ake samun gidan mai ba, sai na kwalba da jarka wurin 'yan ruwa-ruwa, ko 'yan bumburutu kamar yadda ake ce musu a tsallake. Ba na cewa duk nasu gurɓatacce ne, amma jarkar da ta kwana a buɗe tana shan ƙura, da damina kuma ruwa. Gwajin mai sauƙi ne. Zuba kaɗan a farar kwalba mai tsabta, ajiye ta minti kaɗan. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, ka ga layinsa ƙarara, dauɗa ma haka. In za a zuba maka a tanki, a tace da kyalle mai tsabta. Sannan a rage yawo da tanki a ƙasa, domin famfon da ke cikin tanki man ne yake sanyaya shi.

Bayan duk wannan ne ake hukunta famfo, kuma da agogon auna ƙarfin mai ake hukunta shi. Cire tiyo a ga mai yana tsartuwa bai isa ba, famfo mai rauni ma yana tsarto mai in babu abin da ya tare shi. In bakanike ya ce maka famfo ne, ka tambaye shi cikin girmamawa, "Malam, an auna?" Bakaniken kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, wato wuta. Hanyar mai ta motar injekta tana riƙe da ƙarfi ko bayan an kashe injin. Kafin a zare tiyo, a cire fis ɗin famfo, a tayar da motar har ta mutu da kanta, a naɗe bakin tiyon da tsumma sannan a kwance. Ba taba, ba murhun mai shayi a kusa, ba gwada wutar fulogi kusa da man da ya zube. Al'adar nan ta tsiyaya fetur a maƙogwaron injin ana tayarwa, a bar ta. Injin yana iya yin atishawa ya maido da wuta fuskar mai zubawa. Haka zuƙo mai da baki, in ya shiga huhu illa ce babba. Kafin a fara kowane irin aikin mai, a sauke mutane da dabbobi a kai su inuwa nesa da motar. In wuta ta kama, yashi ake zubawa ko na'urar kashe gobara, ruwa yaɗa fetur yake yi.

Wannan bayani na masu fetur ne. Manyan motoci da Hilux masu shan gas nasu tsarin daban ne, za mu ware musu rana.

Abin da zan roƙe ku, iyayena da yayyena, shi ne kada a kai mota wankin gidan totur ana gobe kasuwa. A kai ta da sauran kwana biyu ko uku. In za a kwance, ka ɗauki hoton wurin da wayarka tukuna, don a san inda kowane tiyo da soket yake. Ka sayi sabon gasket ka riƙe, mai Golf kuma ya sa a duba robar nan tun tana hannu. Bayan an gama kada ka karɓi makulli ka wuce gida. Ku fita da bakaniken, mota ta yi zafi sosai, a taka ta, a saki, a tsaya, a kunna fitilu, a hau gargada. Abin da zai bayyana gara ya bayyana a ƙofar gareji da ya bayyana a dajin da ba kowa, ga kaya ga dabbobi, ga dare yana yi, kun kuwa san yadda wasu hanyoyin namu suke a yanzu. A cikin mota kuma kada a rasa fis na ajiya, da kilif biyu, da guntun ƙaramin tiyo, da sukudireba, da tocila.

Abokinmu na Dungas ya ce tsohon famfonsa yana nan a ajiye cikin buhu, lafiyarsa lau. Muna yi masa jaje, Allah ya mayar masa da alheri. Wanda irin wannan ta taɓa samunsa, ko bakaniken da ke da ƙarin bayani ko gyara a kan abin da na faɗa, layinmu a buɗe yake, za mu karanta saƙonku a shiri na gaba.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, ya raya dabbobi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.